George Gabriel Stokes (1819–1903): Masanin da Ya Gano Sirrin Ƙyallin Kwini

An haifi George Gabriel Stokes a ranar 13 ga Agusta, 1819, a ƙauyen Skreen na ƙasar Ailan, inda mahaifinsa yake limancin coci. Ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, ya zo na ɗaya a jarrabawar lissafi ta 1841. A 1849 aka ba shi kujerar farfesan lissafi wadda Isaac Newton ya taɓa riƙewa, bai kuma bar ta ba har mutuwarsa.

Aikinsa da masana sinadarai suka fi cin moriya ya fito ne a 1852, kuma da kwini ya yi shi, wato maganin zazzaɓin cizon sauro. Ya rarraba hasken rana zuwa launukansa da gilashi mai kusurwa uku, sannan ya riƙa gusa kwalbar ruwan kwini daga launi zuwa launi. Ruwan bai canja ba sai da ya wuce shunayya, ya shiga yankin da ido ba ya ganin komai. Nan take ya yi ƙyalli shuɗi. Stokes ya fahimci cewa sinadarin yana haɗiye haske mai gajeren zango, ya fitar da wani mai zango mafi tsawo. Ya raɗa wa lamarin suna fuloresans, daga sunan wani dutse mai irin wannan hali.

Wannan tazara tsakanin hasken da ya shiga da wanda ya fito, wadda ake kira da sunansa, ita ce ke ba mai bincike damar tace hasken fitila ya bar ƙyallin abin da yake nazari. Da ita Orrit da Bernard suka hango ƙyallin ƙwayar sinadari guda ɗaya tak a 1990. Ana kuma auna ta a ƙananan ƙwayoyin nano masu ƙyalli, waɗanda suka jawo kyautar Nobel ta sinadarai a 2023.

Kwinin nan yana da nasa tarihi a ƙasarmu. Da shi Baikie ya kare ayarinsa a kogin Binuwai a 1854, abin da ya sauƙaƙa wa Turawa kutsowa ciki. Stokes ya rasu a Kambirij ranar 1 ga Fabrairu, 1903, shekarar da Kano da Sakkwato da Katsina suka shiga hannun Ingila.