Mahatma Gandhi (1869–1948): Lauyan da Ya Koma Kaɗi da Saƙa

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Mohandas Karamchand Gandhi ranar 2 ga Oktoba, 1869, a garin Porbandar da ke gaɓar teku a yammacin Indiya, lokacin ƙasar tana hannun Turawan Ingila. Mahaifinsa shi ne wazirin sarkin garin. Laƙabin Mahatma, wato mai girman ruhi, daga baya ne jama'a suka raɗa masa. An yi masa aure da Kasturba yana ɗan shekara 13, sannan a 1888 ya tafi Landan karatun shari'a, ya zama lauya a 1891.

Tarihin Gandhi yana da faɗi, amma za a iya bin sawunsa ta hanyar tufafin da ya sa a kowane zango na rayuwarsa. Wanda ya gan shi a Landan ba zai taɓa zaton shi ne zai ƙare da gyauto da mayafi ba. Ya sayi kwat mai tsada da laktaye da doguwar hular Turawa, har ya shiga koyon rawarsu da gogensu, duk don a ɗauke shi a matsayin wayayye.

Afirka ta Kudu

A 1893 wata shari'a ta wani attajiri Musulmi ɗan Indiya, Dada Abdulla, ta kai shi Afirka ta Kudu. Da zuwansa, wani alƙali a Durban ya umurce shi da ya cire rawaninsa, ya ƙi, ya fice daga kotun. Ba a jima ba aka jefo shi daga jirgin ƙasa a tashar Pietermaritzburg saboda ya zauna a ɗakin da aka keɓe wa farar fata, alhali yana da tikiti. Kwat ɗin Landan ba ta yi masa rana ba.

Shekara 21 ya yi a can yana jagorantar Indiyawa wajen neman haƙƙinsu ba tare da ɗaukar makami ba, kuma a nan ne ya soma dogaro da hannunsa. Ya koyi wanki da guga, ya koyi yi wa kansa aski bayan wani wanzami Bature ya ƙi taɓa kansa. A 1904 ya kafa matsugunin Phoenix kusa da Durban, a 1910 kuma gonar Tolstoy kusa da Johannesburg, inda kowa ke noma da girki da sassaƙa da dukanci. Shi kansa ya ƙware a ɗinkin takalman fata, har da zai bar ƙasar a 1914 ya aika wa abokin hamayyarsa, Janar Smuts, kyautar takalma ɗinkin hannunsa.

Yadda Indiya ta Rasa Masaƙarta

Kafin a fahimci abin da Gandhi ya yi da ya koma gida a 1915, dole ne a san halin da ya tarar. Indiya ta daɗe tana tufatar da duniya. Lallausan yadin Dhaka da zanen Calicut sun cika kasuwannin Turai, har majalisar Ingila ta yi dokoki a 1700 da 1721 don taƙaita shigarsu. Amma da injinan kaɗi da saƙa suka bunƙasa a Manchesta da kewayenta, sai reshe ya juye da mujiya. A ƙarni na 19 ana kwashe audugar Indiya ɗanya a kai Ingila, a dawo da ita yadi mai araha, masu kaɗi da masaƙa da yawa suka rasa sana'a suka koma dogaro da noma kaɗai. Noman kuwa na damina ne, da rani sai zaman kashe wando.

Wannan labari ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar da saƙa da rini su ne ƙashin bayan arzikin birnin, ana kai tufafinsa har Tambutu da Tarabulus, kafin akoko da alawayyo na kanti su shige gaban farin saƙar gida. Haka nan mai karatu zai lura cewa sunan da Indiyawa ke kiran yadin da aka kaɗa aka saƙa da hannu, wato khadi, ya yi kama da kalmar kaɗi ta Hausa. Kamannin furuci ne kawai, kalmomin biyu ba su haɗa asali ba.

Neman Keken Kaɗi

A littafinsa Hind Swaraj na 1909 Gandhi ya riga ya nuna cewa maganin talaucin Indiya yana cikin komawa ga saƙar hannu, alhali a lokacin bai taɓa ganin keken kaɗi da idonsa ba. Da ya kafa zangonsa a Ahmedabad, wanda ya koma bakin kogin Sabarmati a 1917, sai aka kakkafa masaƙa, mazauna wurin suka yi alkawarin ba za su sa tufafin da ba su saƙa da kansu ba. Nan take matsala ta ɓullo: zaren da suke saƙa da shi na masana'anta ne, ke nan ba su tsira ba. Sana'ar kaɗi kuwa ta yi nisan da ba a ma san inda za a sami mai koyar da ita ba. Wata mata da mijinta ya rasu, Gangabehn Majmudar, ita ta ɗauki nauyin bincike, ta yi ta yawo ƙauye-ƙauye har ta gano kekunan kaɗi a garin Vijapur an jibge su cikin tarkace. Matan garin suka yarda su koma aiki muddin za a kawo musu shiɓaɓɓiyar auduga, a kuma sayi zaren.

Keken, wanda suke kira charkha, ba shi da wuyar sha'ani. Hannun dama yana juya wata babbar ƙafa ta katako, igiya ta ɗauki juyin ta kai ga tsinken mazari, hannun hagu kuma yana jan auduga tana murɗewa ta zama zare. Kafinta na ƙauye zai iya haɗa shi, mace tana iya aiki da shi a cikin ɗakinta, kuma ya fi mazarin hannu sauri nesa ba kusa ba. Gandhi ya koyi kaɗi yana dab da shekara 50, ya kuma ɗora wa kansa yin sa kullum, ko a kurkuku.

Zare ya Zama Makami

A 1920 jam'iyyar Congress ta ƙaddamar da shirin ƙin ba Turawa haɗin kai, ciki har da ƙaurace wa yadin waje. A ƙarshen Yuli 1921 Gandhi ya cinna wa tulin tufafin waje wuta a Bombay. Sai dai talakawa sun koka cewa khadi ya fi ƙarfin aljihunsu. Amsar da ya bayar ita ce, a watan Satumba na shekarar, a garin Madurai, ya ajiye riga da hula ya ɗaura ɗan gajeren gyauto irin na manoma, bai kuma sake komawa ga riga ba. A 1924 jam'iyyar ta amince kowane ɗanta ya riƙa kawo yadi 2,000 na zare a wata a maimakon kuɗin rajista, ko da yake an sassauta wannan daga baya, a 1925 kuma aka kafa ƙungiyar masu kaɗi ta ƙasa baki ɗaya.

Ba kowa ya gamsu ba. Mashahurin marubuci Rabindranath Tagore ya soki ƙona tufafi a ƙasar da mutane ke yawo tsirara, ya kuma ga cewa tilasta wa kowa aiki iri ɗaya dakushe tunani ne. Nehru ya sa khadi, amma zuciyarsa tana ga manyan masana'antu. Akwai gaskiya a sukar. Khadi na farko kaushi ne da shi da nauyi, abin da mai kaɗi ke samu a yini kaɗan ne ƙwarai, kuma masu masaƙun zamani na Bombay da Ahmedabad sun ci moriyar ƙauracewar ƙwarai, wasunsu ma su ne ke tallafa wa Gandhi da kuɗi. Ta fuskar tattalin arziki keken kaɗi bai taɓa maye gurbin inji ba. Nasararsa ta siyasa ce: ya ba matar da ke cikin gida da manomin da bai iya karatu ba wani aikin gwagwarmaya da za su yi kullum ba tare da izinin kowa ba, ya kuma sa lauya da lebura cikin farin yadi iri ɗaya a ƙasar da tufafi ke fayyace asalin mutum. Kada kuma a ɗauka Gandhi maƙiyin kowane inji ne. Ya yaba wa keken ɗinki na Singer, domin yana sauƙaƙa aikin gida ba tare da ya raba kowa da abincinsa ba.

Da ya je Landan taron sulhu a 1931, da gyautonsa da mayafinsa ya shiga fadar Sarki George na Biyar. Ya kuma ziyarci garin Darwen, cikin yankin masaƙun da ƙauracewar ta taɓa, ma'aikatan suka tarbe shi da fara'a.

Sana'a a Makaranta

Abin da ya fi shafar mai shirin zama malami shi ne tsarin ilimin da Gandhi ya gabatar a taron Wardha na 1937, wanda kwamitin Dokta Zakir Husain ya tsara manhajarsa. Tsarin ya tanadi karatu na shekara 7 kyauta kuma dole, cikin harshen uwa, sana'ar hannu ta zama ita ce ginshiƙin darasi. Yaro zai koyi lissafi wajen auna zaren da ya kaɗa, labarin ƙasa wajen sanin inda auduga ke yi, tarihi kuma wajen bin diddigin cinikin tufafi. Raunin tsarin shi ne fatan da aka yi cewa kayan da yara suka yi za su biya albashin malamai, abin da masu suka suka kira ci da gumin yara. Da gwamnatocin larduna na Congress suka yi murabus a 1939, shirin ya yi rauni.

Indiya ta sami 'yancin kai a watan Agusta 1947. Ranar 30 ga Janairu, 1948, wani mai tsattsauran ra'ayin Hindu, Nathuram Godse, ya harbe Gandhi a Delhi yana kan hanyar zuwa taron addu'a. Tutar Congress ta 1931 tana ɗauke da hoton keken kaɗi, amma a tutar ƙasa an musanya shi da da'irar Sarki Ashoka, abin da bai yi wa Gandhi daɗi ba. Ƙa'idar da ta ce da yadin saƙar hannu za a ɗinka tutar ta ci gaba da aiki har Disamba 2021, lokacin da gwamnati ta halatta yin ta da yadin inji.