Korbinian Brodmann: likitan da ya shata unguwannin ƙwaƙwalwa

Mai neman gida a cikin ganuwar Zazzau, ko ta Ƙofar Doka ya shiga ko ta Ƙofar Gayan, sai an faɗa masa sunan unguwa. Haka likita yake idan ya duƙufa kan hoton ƙwaƙwalwa. Wanda ya shata wa ƙwaƙwalwa unguwanninta, ya ba kowace lamba, shi ne Korbinian Brodmann.

An haife shi ranar 17 ga Nuwamba, 1868, a ƙauyen Liggersdorf da ke kudancin Jamus, a gidan manoma. Ya kammala karatun likita a 1895. Ciwon mashaƙo ne ya kai shi jinya wani asibiti inda ya haɗu da Oskar Vogt, wanda ya karkatar da shi ga binciken ƙwaƙwalwa. Daga 1901 zuwa 1910 sun yi aiki tare a Balin.

Can ya riƙa yanka ƙwaƙwalwar mutum da ta dabbobi siriri-siriri, ya rina, ya duba a madubin likita. Duk inda jerin ƙwayoyin ya sauya, nan yake ja iyaka. A littafinsa na 1909 lambobin sun kai 52. A sashen da ke daura da kunne, yanki na 41 da na 42 su ke karɓar sauti, na 22 kuma yana da hannu a fahimtar magana. Daga wannan sashe farfaɗiya kan taso, don haka kuskuren iyaka wajen tiyata na iya raba mutum da fahimtar zance.

Duk da haka jami'ar Balin ta hana shi matsayin malami, sai Tubingen ce ta ba shi farfesa a 1913. Ya rasu a Munik ranar 22 ga Agusta, 1918, guba ta shiga jininsa, yana da shekara 49.

Taswirarsa ba ta rasa naƙasu ba: na'urar MRI ba ta ganin ƙwayoyin da ya dogara da su, kuma iyakokin sun bambanta daga mutum zuwa mutum. Shi ya sa masu bincike ke zaɓar taswira gwargwadon buƙata, har da ta 2016 da ta raba kowane ɓari gida 180. Amma har gobe, ɗalibin likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello da lambobin Brodmann yake fara sanin hanya.