Hasan ibn al-Haisam da Mas'alar Ƙiyasta Nisa

Gabatarwa

Wanda ya hau Goron Dutse ya hango Dala yakan iya kintata tazarar da ke tsakaninsu, domin idonsa yana bin gidajen da ke jere har gindin dutsen. In hazon hunturu ya lulluɓe gidajen, sai kintacen ya kauce. Malamin da ya warware wannan mas'ala tun shekaru dubu da suka shuɗe shi ne Hasan ibn al-Haisam.

Rayuwarsa

An haife shi a Basra wajen shekarar 965 Miladiyya. Masu tarihi sun ruwaito cewa ya yi iƙirarin zai iya daidaita ambaliyar kogin Nilu, sai halifan Faɗimiyawa, al-Hakim bi-Amrillah, ya gayyato shi Masar. Da ya isa yankin Aswan ya ga aikin ya fi ƙarfinsa, sai ya ƙagi hauka don tsira da ransa, aka tsare shi a gida har halifan ya ɓace a 1021. Daga nan ya zauna kusa da masallacin Azhar, yana kwafar littattafan lissafi don neman abinci. Ya rasu a Alƙahira wajen 1040.

Gudummawarsa

A *Kitab al-Manazir*, mai juzu'i bakwai, ya rushe ra'ayin Iƙlidis da Baɗlimus cewa haske daga ido yake fita, ya tabbatar da cewa daga abin kallo yake shigowa. Sannan ya nuna cewa ido shi kaɗai ba ya auna nisa. Hankali ne ke yanke hukunci, yana dogara da abubuwan da ke jere a haɗe tsakanin mai kallo da abin kallo, musamman doron ƙasa. Inda jerin ya yanke, sai zato. Shi ya sa ake ganin girgije ya yi nisa ƙwarai, sai an gan shi a jikin tsauni a gane kusancinsa. An fassara littafin zuwa Latin, aka buga shi a Basel a 1572.

Kammalawa

Masu nazarin tabaran kwamfuta mai nuna duniyar kwaikwayo sun gano cewa masu sanya shi sukan ɗauki nisa ƙasa da yadda yake. Wannan babbar matsala ce ga horar da likitoci da matuƙa jirgi da irin wannan na'ura. Daga cikin abubuwan da ake dubawa don gyara akwai yadda ake zana doron ƙasa a gaban mai kallo, wato dai abin da Ibn al-Haisam ya ɗora hukuncinsa a kai.