Babban Gwani Mika'ila: maginin da ya san iyakar ƙasa da azara

Unguwar Zariya ta birnin Maraɗi tana da takwara a kudu, wato birnin Zariya na ƙasar Zazzau a Najeriya. A can ne aka yi wani magini wanda har gobe idan ana lissafin gwanayen ginin ƙasa a ƙasar Hausa da sunansa ake farawa. Shi ne Malam Mika'ila, wanda aka fi sani da Babban Gwani, wasu ruwayoyin kuma suna kiransa Muhammadu Durugu. Ya rayu a ƙarni na 19, kuma shi ya gina babban masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa da itacen giginya, babu siminti babu rodi, aka yi sama da shekara 170 ana salla a cikinsa.

Sirrin aikinsa shi ne sanin halin kowane kayan gini: abin da ƙasa ke iya ɗauka, inda itace ke gazawa, da hanyar da ruwa ke bi ya ci bango. Wannan sanin shi ne darasin farko da ake koya wa ɗaliban injiniya a yau kafin a bar su su zana gada ko bene.

Zamanin da ya taso

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804, kuma a 1808 Malam Musa ya karɓi mulkin Zazzau. Sababbin sarakunan suna buƙatar masallatan da za su ɗauki jama'ar gari ranar Juma'a, da zaurukan shari'a, da fadoji. A daidai wannan zamani ne sarakunan Katsina da suka baro birninsu suka zauna a Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri a wajejen 1836. Yaƙi ya raba ɓangarorin biyu, amma sana'ar gini ɗaya ce a ko'ina: tubali, azara, da yaɓe.

Gini sana'ar gado ce a lokacin. Yaro yana farawa da kwaɓa ƙasa da miƙa tubali, ya daɗe kafin a bar shi ya hau bango, ya ƙara daɗewa kafin a amince masa da rufi. Wanda ya ƙware shi ake kira gwani. Mika'ila ya wuce nan har aka ba shi sarautar Babban Gwani, wadda magina ke danganta asalinta da fadar Sakkwato. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, aka danƙa masa aikin masallacin Juma'a.

Matsalar da ke gabansa a fili take. Ana son babban ɗaki wanda sahu zai miƙe a cikinsa ba tare da ginshiƙai sun cika wurin ba. Kayan da yake da su kuwa, ƙasa ce da itace, kuma kowannensu yana da iyakar da ba ya wucewa.

Ƙasa tana ɗaukar nauyi, ba ta jure ja

Busasshiyar ƙasa tana da ƙarfi idan aka danne ta daga sama. Ana iya jera tubali a kan tubali har bango ya yi tsawo, na ƙasa yana ɗauke da na sama. Idan kuwa aka ja ta ko aka lanƙwasa ta, nan da nan take tsagewa. Shi ya sa ba a shimfiɗa ƙasa ita kaɗai a kan sarari a ce an yi rufi.

Maginan Hausa sun tsara aikinsu a kan wannan hali. Suna zaɓen jar ƙasa mai ɗan tsakuwa, su kwaɓa ta da ciyawa, su tattake ta, su bar ta ta kwana da ruwa kwanaki kafin a yi aiki da ita. Ciyawar tana riƙe ƙasar kada ta tsattsage sa'ad da take bushewa. Tubalin da ake mulmulawa da hannu yana da faɗin gindi da tsinin kai, ana jera shi kansa na kallon sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bangon yana da kauri a gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa, domin nauyin ya sauka inda ƙasa ta fi iya ɗaukarsa. Da rani ake yin aikin, ana barin kowane sahu ya bushe kafin a ɗora wani.

Kaurin bangon yana da wani amfanin. Zafin rana yana ɗaukar sa'o'i kafin ya ratsa shi, don haka cikin ɗaki yana da sanyi da tsakar rana, da dare kuma bangon ya saki ɗumin a hankali. Kwanon rufi akasin haka yake yi: ƙarfe ne siriri, zafi yana wucewa ta cikinsa nan take, kamar yadda duk mai kwana a ƙarƙashin kwano a watan Afrilu ya sani.

Azara da iyakarta

Abin da ƙasa ta kasa, azara ke yi. Azara gangar giginya ce da ake tsagawa tsawo-tsawo. Tana da jijiyoyi masu tauri da ke jure ja da lanƙwasa, kuma gara ba ta cika cin ta ba, wanda babban abu ne a ƙasar da gara ke cinye yawancin itatuwa cikin ƴan shekaru. Sai dai ita ma tana da iyaka. Idan aka ɗora mata nauyin rufin ƙasa, sararin da take iya ratsawa ba tare da tallafi ba bai wuce kimanin mita 1.8 ba. Idan aka zarce haka, sai ta fara lotsawa a tsakiya, rufin ya yi kwari, ruwa ya taru, daga nan sai rushewa.

Wannan ma'aunin shi ya tsara fasalin ɗakunan Hausa. Mai son ɗaki mai faɗi dole ya samo dabarar rage sararin da kowace azara za ta ratsa. Ana fito da gajerun azaru daga cikin bango su zama matashi, ana kuma gitta wasu a kusurwoyi. Babbar dabarar ita ce baka. Magini yana dasa azaru a cikin bango ko ginshiƙi, ya karkata su zuwa ciki, ya ɗaura wasu a kansu da igiya su ƙara miƙawa gaba, sahu bayan sahu, daga ɓangarori biyu har su haɗu a sama. Kowane sahu sai an lulluɓe shi da ƙasa an bar shi ya bushe. Baka guda da ta ratsa ɗaki ita ce bakan gizo. Idan bakuna suka gitta juna a tsakiya kamar sandunan bakin guga, shi ne ɗaurin guga. Bakunan suna yanka rufin zuwa ƙananan filaye, kowanne daidai tsawon da azara ke iyawa.

Mika'ila ya gaji wannan fasaha, ya kuma kai ta inda ba a taɓa kai ta ba. Ya raba babban ɗakin sallar zuwa tulluwa 6 da ke zaune a kan manyan ginshiƙai da bakuna, kowace baka tana tura nauyinta zuwa ginshiƙi, ginshiƙin ya sauke shi ƙasa. Ya yi wa ginshiƙan ado da zanen da aka tayar a jikin yaɓe, ya haɗa ginin da zauren shari'a da zaurukan shiga inda ake alwala.

Tunanin haɗa abu biyu, ɗaya ya ɗauki dannewa ɗaya ya ɗauki ja, shi ne ginshiƙin ginin zamani. Kankare ma kamar ƙasa yake, yana jure nauyi amma yana tsagewa idan aka ja shi, shi ya sa ake sa masa rodi. Wani mai lambu Bafaranshe, Joseph Monier, ya yi rajistar wannan dabara a 1867, bayan ya gwada ta a tukwanen shuka. Haɗin ya yi nasara ne saboda ƙarfe da kankare suna buɗewa da tsukewa kusan daidai da juna idan zafi ya sauya.

Yaƙi da ruwa

Babban maƙiyin ginin ƙasa shi ne ruwa, kuma Zariya tana samun kimanin milimita 1,000 na ruwan sama a shekara, kusan ninki biyu na abin da Maraɗi ta saba samu. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana rasa ƙarfinta, tana kuma ƙara nauyi a kan azara. Magina suna shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Rufi kuma ana yi masa laso, haɗin katsi na ramin marina da gashin dabba daga majema da ruwan dafara. Tulluwa tana gangarar da ruwa, indararo kuma ya harba shi nesa da gindin bango. Duk da haka babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke dawwama. Gini irin wannan yana rayuwa ne da gyaran kowace shekara: a duba tsaga, a share indararo, a sake yaɓe kafin damina.

Ƙarshensa da abin da ya bari

Sunan Babban Gwani ya zagaya masarautu. Ana danganta masa ayyuka a fadojin Kano da Bauchi, da gidan Madaki a Kafin Madaki, wanda Najeriya ta sa cikin kayan tarihinta na ƙasa a 1956. Ruwayar da ta fi yaɗuwa a kan rasuwarsa ta ce Sarkin Birnin Gwari ne ya kira shi ya yi masa gini, da aka gama kuma ya sa aka kashe shi don kada ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Zuriyarsa ta ci gaba da sana'ar, kuma har yanzu akwai unguwar Babban Gwani a cikin birnin Zariya.

A ƙarni na 20, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna masallacin ya zana shi, aka kuma gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. A shekarun 1970 aka kewaye tsohon ginin da sabon masallaci na siminti. Ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na masallacin ya rufto, mutane da dama suka rasu. Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli ya bayyana cewa an ga tsaga a jikin bangon kwana guda kafin nan, ana shirin kiran injiniyoyi.

Abin da ya shafi Maraɗi

Maraɗi ta san ƙarfin ruwa. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta rusa tsohon garin da ke kwari, aka koma kan tudu. A ƙarshen watan Agustan 2024 ruwan sama mai yawa ya rusa gidaje a birnin, aka yi asarar rayuka, kuma a farkon Satumba tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Mazauna Tsibiri da Jiratawa, da ke bakin Gulbi, suna cikin wannan hali duk damina.

Mai gini a yau yana da zaɓin da Mika'ila bai samu ba, amma ka'idar ba ta sauya ba. Shafen siminti a kan bangon laka yana da kyaun gani, sai dai ba ya manne wa laka sosai. Idan ya tsage, ruwa yana shiga ta baya ya rasa hanyar fita, bangon ya riƙa narkewa a ɓoye. Bulon da aka rage wa siminti don a samu riba yana marmashewa ƙarƙashin nauyin dakin. Rodin da kankare bai rufe shi da kyau ba yana tsatsa, ya kumbura, ya fasa ginshiƙin daga ciki. Bangon laka kuwa yana daɗewa idan aka ɗaga gindinsa da dutse ko siminti sama da inda ruwa ke kwanciya, aka kuma nisanta ruwan rufi daga jikinsa.

Azara ma ta yi tsada, domin giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara, kuma manyan dazuzzukanta a Nijar suna can Dallol Mauri wajen Gaya. Wannan ƙarancin ya sa tun shekarun 1980 aka fara koyar da ginin da ba itace, inda ake tsara tulluwa da bakuna da tubalin laka zalla ta yadda kowane tubali dannewa kawai yake sha. A Yama ta jihar Tawa kuma, magini Falke Barmu ya gina masallacin ƙasa da ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986.

Babban Gwani bai bar littafi ba. Ya bar ma'aunin azara, da tsarin baka, da al'adar duba bango kafin ruwan farko ya sauka. Tsagar da aka gani a bango ko a rufi, na laka ne ko na siminti, alama ce cewa kayan ginin sun kai iyakarsu, kuma ranar da aka gan ta ya kamata a kwashe mutane a kira magini.