Jibo Bakari: Magajin Garin Yamai Da Ya Ce Wa Faransa A'a

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Da yawa daga cikin Hausawan Omdurman da Khartoum, kakanninsu daga Damagaram, Maraɗi da Tawa suka taso a hanyar Makka. Ya kamata ɗalibanmu su san mutumin da ya taɓa riƙe zukatan talakawan waɗannan garuruwa, wato marigayi Jibo Bakari.

An haife shi a 1922 a Sudure, kusa da Yamai, ƙauyen da aka haifi ɗan'uwansa Diori Hamani, wanda daga baya ya zama babban abokin hamayyarsa. Bazabarme ne, amma a Tawa ya yi karatun firamare, cikin Hausawa. Daga nan ya wuce makarantar William Ponty a Senegal, inda Faransa take horar da malamai da akawuna. Ya koyar a Birnin Ƙonni da Agadas, sannan ya ajiye alli ya shiga siyasa a jam'iyyar PPN.

Da jam'iyyar ta fara sassautawa ga Turawa a farkon shekarun 1950, sai ya raba gari da ita, ya koma wajen 'yan ƙwadago. Direbobi, leburori, kukun Turawa, teloli da ƙananan 'yan kasuwa, su ne suka zama jama'arsa. A 1954 ya kafa jam'iyyar UDN, wadda mutane suka fi sani da Sawaba. Kalmar ba baƙuwa ba ce ga mutanen Kano, domin ita ce kirarin NEPU ta Malam Aminu Kano, kuma akwai zumunci tsakanin 'yan jam'iyyun biyu.

A ƙarshen 1956 ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko. Sai dai kujerar ba da ƙuri'ar talakawa kaɗai ya same ta ba. Ya ƙulla ƙawance da jam'iyyar BNA, wadda sarakuna suke mara wa baya. A ganina nan ne raunin tafiyarsa ya fara, domin kura da akuya ya ɗaure a turke guda. Ƙawancen ya ci kujeru 41 cikin 60 a zaɓen majalisa na Maris 1957, Jibo ya zama jagoran gwamnatin 'yan ƙasa ta farko a Nijar, ko da yake gwamna Bafaranshe yana nan a sama. Gwamnatinsa ta tuɓe wasu sarakuna, sauran kuma suka riƙe abin a zuci.

Sai aka zo 1958. Janar de Gaulle ya ba ƙasashen da Faransa take mulka zaɓi, ko su ce i su zauna ƙarƙashin inuwarta, ko su ce a'a su karɓi 'yanci nan take ba tare da tallafinta ba. Cikin shugabannin gwamnatin da suka kira jama'arsu su ce a'a akwai Seku Ture a Gini da Jibo a Nijar. Mu a nan Sudan mun san cewa a Disamba 1955 majalisa ta ayyana 'yanci a zamanin Isma'il al-Azhari, Ingila da Masar kuma suka amince. Jibo bai sami wannan sauƙi ba. Nijar tana iyaka da Aljeriya, inda Faransa take tsakiyar yaƙi, kuma ba ta shirya sakin Sahara ba. Aka turo sabon gwamna, Colombani, aka ƙaro sojoji, aka jawo sarakunan da suke jin haushi. Ranar 28 ga Satumba aka ce kashi 78 cikin 100 sun zaɓi i, alhali mafi yawan masu rajista ba su ma fito ba. Cikin 'yan makonni Jibo ya sauka, kafin ƙarshen shekara Diori ya hau. A Oktoba 1959 aka haramta Sawaba, jagoranta ya yi gudun hijira zuwa Mali, daga baya Gana.

An zalunce shi, wannan ba abin musu ba ne. Amma abin da ya biyo baya ba zan iya wanke shi daga gare shi ba. Sawaba ta tura samari koyon yaƙin sunƙuru a Sin, Aljeriya da Biyetnam ta Arewa. A ƙarshen 1964 suka tsallako iyakoki cikin ƙananan ƙungiyoyi, suna zaton ƙauyuka za su tashi su bi su. Ba a tashi ba. Aka kama su, aka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai, aka cika gidajen yari da magoya bayan jam'iyyar, har da waɗanda ba su taɓa riƙe bindiga ba. A Afrilu 1965, ranar Babbar Sallah, wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti yana nufin Diori a wurin sallar idi. Diori ya tsira, yaro ƙarami ne ya mutu. 'Yan'uwa, wurin da Musulmi suka jeru sahu suna kabbara ba fagen ramuwar siyasa ba ne, komai girman zaluncin da aka yi wa mutum. Kuma jagoran da ya buɗe ƙofar makami yana da nasa kason a abin da ya shigo ta cikinta.

Bayan an kifar da Nkrumah a 1966 ya koma Gini. Da Seyni Kountché ya hamɓarar da Diori a Afrilu 1974 sai ya dawo gida, amma a 1975 aka kama shi bisa zargin shirya juyin mulki, ya shafe shekaru a tsare. Da aka dawo da jam'iyyu ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, bai kai kashi 2 cikin 100 na ƙuri'u ba. Yawancin masu zaɓen ba su ga zamanin Sawaba ba. Ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilu 1998. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan yaron da ya rasu a wurin idi.