Tarihin Alhaji Alhasan Ɗantata, Attajirin Kano

Ya ku malamai da 'yan'uwa fatake, yau za mu kawo muku tarihin Alhaji Alhasan Ɗantata, wanda sa'ad da ya rasu a ke lissafa shi cikin mafiya dukiya a Afirka ta Yamma duka. Jama'a sun fi riƙe labarin yawan kuɗinsa. Amma abin da ya kamata mai hankali ya bincika shi ne yadda maraya, wanda har aka taɓa kama shi a yaƙi, ya kai ga wannan matsayi, da kuma dalilin da ya sa gidansa ya tsaya bayan ransa, alhali kuwa gidajen attajirai da yawa ba su kan wuce ranar rabon gado ba.

An haife shi a Bebeji, cikin ƙasar Kano, a shekara ta 1877, watau wajen 1294 ta Hijira. Asalinsa Ba'agale ne. Agalawa kuwa, su da Tokarawa da Kambarin Barebari, su ne suka riƙe fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja a wancan zamani. Sunan ubansa Abdullahi, madugu ne. Uwarsa Fatsima, wadda a ke yi wa laƙabi da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai jarin kanta. Bebeji tana bisa hanyar ayari, sabo da haka tun yana tatata ya buɗe ido ya ga jakuna da takarkarai suna fita da kanwa da turkuɗi da fatu, bayan wata da watanni su komo da wagagen goro.

Yana ɗan shekara takwas ko kusa da haka Allah ya yi wa ubansa rasuwa, aka raba gado bisa shari'a, kowa ya kama gabansa. Uwar ta tashi ta koma Ankara, birnin da ya ke bakin teku a ƙasar da a ke kira Gana yanzu, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Ita ta rene shi, ita ta tura shi makarantar allo, ita kuma ta hore shi da tattali da jefa ɗan abin da ya samu cikin asusu. Daga sunanta aka sami Ɗantata. Ku duba hikimar Ubangiji, mutumin da ya zo ya fi kowa dukiya a Kano, sunan baiwa ya ɗauka, da shi kuma zuriyarsa ke amsawa har gobe.

Ɗan abin da ya gada bai daɗe ba ya ƙare, sai ya zama yana karatu yana neman abin kai wa baka, kamar yadda almajirai suka saba. Yana cikin wannan hali Basasar Kano ta tashi a 1893, bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bello, tsakanin Tukurawa da Yusufawa. Agalawan Bebeji suka goyi bayan Sarki Tukur. Da Yusufawa suka yi rinjaye aka washe dukiyarsu, aka kama mutane da yawa, cikinsu har da Alhasan da 'yan'uwansa Bala da Sidi. Sai da aka biya fansa kana suka kuɓuta. Ashe tun bai cika shekara 20 ba ya ɗanɗani maraici da talauci da ɗauri, ya kuma gani da idonsa yadda dukiya kan bar mai ita a dare ɗaya.

Da ƙura ta lafa sai ya kama sana'ar iyayensa, ya bi ayari zuwa Gwanja, ya isa har Ankara wurin uwarsa. A lokacin nan tsohuwar hanya ta fara mutuwa. Tun da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi a 1874 ƙarfin Asante ya ragu, kasuwar Salaga ta yi rauni, yaƙin cikin gida na 1892 ya ƙarasa ta. Alhasan ya lura jiragen ruwa na Turawa suna kai da kawowa tsakanin Ankara da Sekondi da Ikko. Goro kuwa, duk wanda ya taɓa riƙe huhu ya sani, ba ya son daɗewa a hanya, kullum sai an kwance an tsince an sake ganye, in an yi sakaci sankara ta cinye riba. Sai ya shiga sayen goro a ƙasar Kumasi yana ɗora shi a jirgi zuwa Ikko, tafiyar da a ke yi cikin 'yan kwanaki. Yana cikin Hausawan farko da suka yi haka. Wajen 1906 ya ƙara da cinikin duwatsun wuya da tsakiya da yadin kanti. Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sake rawa ma sai ta sake, to, shi ya ji sakewar kiɗan tun wasu ba su ji ba.

Kiɗan ya sake sakewa sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa sun sa rai auduga za su riƙa kwasa, amma manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi tsoka, ga shi ana cinta in shekara ta yi wuya, ga kuma masana'antun Turai suna nemanta domin mai da sabulu. Sai dai Bature yana da kuɗi da sikeli, bai san ƙauye ba, bai san wanda za a ba bashi a kwana da rai a kwance ba. Tilas ya nemi fataken goro, domin su ne ke da yara a kowace kasuwa. Alhasan ya dawo ya zauna a birnin Kano, ya kafa gida a Sarari wajen Koki. A 1918 kamfanin Neja, wanda daga baya ya narke cikin U.A.C. a 1929, ya neme shi ya riƙa saya masa gyaɗa.

Ga yadda aikin ya ke. Kamfani ya ba shi kuɗi tun kafin kaka. Shi kuma ya rarraba wa yaransa, su bazu cikin ƙauyuka, wani da tsabar kuɗi, wani da gishiri da yadi. Su kuma su ba manoma, in an cire gyaɗa an ɓare a auna a ɗinke buhu, a ɗora wa jakuna da raƙuma zuwa tashar jirgi. Malamai sun san hukuncin irin wannan mu'amala a babin ciniki na Risala, inda aka yi bayanin salam da ƙiradi da sharuɗɗansu. Kowace gaɓa ta wannan sarƙa amana ce ke riƙe da ita, mutum ɗaya in ya ci, hasara ta bi kowa har ta kai ga maigida. Alhasan ya shahara da iya zaɓen mutane, da bin lissafi da kansa, da cika alkawari ranar da aka yanka. Wanda ya riƙe amana a ƙara masa jari, har ya zo ya tsaya da ƙafarsa. Da haka, kafin 1922 ta fita, ya shige gaban manyan attajiran da ya tarar, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo. A zamaninsa ne aka shiga jera buhunan gyaɗa tsibi tsibi suna jiran jirgi, abin da aka sani da dalar gyaɗa, sunansa kuwa ba ya rabuwa da ita.

Duk da wannan mu'amala da Turawa, bai saki abin da ya karanta a allo ba. A farkon shekarun 1920 ya sauke farali, ya tafi ta jirgin ruwa, a lokacin da yawancin alhazanmu ke bin ƙasa ta Barno da Sudan, tafiyar da kan ci shekaru. A 1929 ya kai kayan raƙuma 20 na kuɗin azurfa ajiya a bankin Turawan Ingila da ke Kano, amma bisa sharaɗin ba za a ɗora masa kuɗin ruwa ba. Ya amfana da taskar banki, ya bar musu abin da shari'a ta hana. Ɗan ɗariƙar Ƙadiriyya ne. An san shi da sauƙin ci da sauƙin sutura, ba ya ɓarna, har waɗanda ba su fahimce shi ba su kan ɗauka maƙo ne. Amma mutumin nan shi ne ke biya wa mutane kuɗin Hajji, shi ne ke yanka shanu da Babbar Salla a raba wa talakawa, ƙofarsa kuma ba ta rabuwa da malamai da mabukata.

Hanyar ba ta zama shimfiɗaɗɗiya gare shi ba ko bayan da ya yi arziki. Manyan kamfanonin Turawa sun riƙe fitar da kaya zuwa ƙetare a hannunsu, ɗan ƙasa komi jarinsa sai dai ya tsaya a matsayin mai saya musu. Ya nemi izinin fitar da gyaɗa da kansa a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, ba a ba shi ba. Sai bayan da aka kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, a ƙarshen rayuwarsa, ya sami lasin na saye da sunan kansa. Ya kuma sa dukiyarsa cikin kamfanin da attajiran Kano suka haɗu suka kafa domin masaƙar zamani, don kada ƙasar da ta yi suna da saƙa da rini ta zauna sai yadin waje. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka shigar da shi majalisar Sarki, ya zama bakin 'yan kasuwa a fada.

A 1955 ciwo ya kama shi. Da ya ji jiki ya yi nauyi sai ya tara 'ya'yansa da manyan yaransa, ya yi musu wasiyya su zauna lafiya da juna, su riƙe zumunci, kada su bari kamfanin Alhasan Ɗantata da 'Ya'yansa ya wargaje. Mutumin da ya ga yadda dukiyar ubansa ta watse yana ɗan shekara takwas, ya san abin da ya ke tsoro. Allah ya karɓi ransa ran Laraba 17 ga Agusta 1955, a ƙarshen watan Zulhajji na 1374, yana da shekara 78. Aka rufe shi a gidansa na Sarari.

An raba gado yadda shari'a ta ce, amma 'ya'yan suka riƙe wasiyya, ciniki bai tsaya ba. Ahmadu ya jagoranci kamfanin har rasuwarsa a 1960, sa'an nan Aminu ya karɓa. Mamuda yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai a 1948, wadda sunanta ya bi unguwar Wapa a Fagge. Sanusi ya yi suna a kasuwanci da hidimar Ƙadiriyya har ya rasu a 1997. Aminu ya yi tsawon rai yana taimakon makarantu da asibitoci da masallatai, ya rasu a 2025, aka rufe shi a Madina. Aliko Ɗangote ma daga wannan tsatso ya fito, domin uwarsa Mariya 'yar Sanusi ce.

Dalar gyaɗa kam ta tafi. Farin da aka yi a 1973, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, da komawar hankalin hukuma ga man fetur, su suka share ta, kamar yadda jirgi ya share ayarin Gwanja tun da fari. Hajja takan mutu, hanya takan mutu, gidan da aka gina bisa amana ya sake wata ya ci gaba.

To, ɗan'uwa falke, kai da ke ba yaro jari yau, ka duba wa ka ke ba, ka rubuta, ka kafa shaidu, in ya cika ka ɗaga shi. Ka kuma shirya 'ya'yanka tun kana da ƙarfi, kada ka bari sai a gaban alƙali su fara sanin abin da ka mallaka. Kai kuma malam, almajirin da ke gabanka da yagaggiyar riga, ba ka san abin da Allah ya ɓoye a cikinsa ba, ka koya masa tsoron haram tare da karatu, yadda Tata da malaman Bebeji suka yi wa nasu.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhasan, ya jiƙan Tata da ta rene shi, ya sa aljanna ce makomarsu. Mu kuma ya ba mu arziki na halal, ya sa mu cika da imani. Haza wassalam.