Halilu ɗan Ahmad: Malamin da Ya Ƙirga Kalmomin Larabci

A wannan fitowar zan ba ku tarihin mutumin da kowannenku ke amfani da aikinsa kullum, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Duk yaron da ya buɗe littafin karatu ya ga fataha da kisira da rufu'a, ya ga shadda zaune a kan harafi kamar haƙoran sinun, to aikin Halilu ɗan Ahmad Alfarahidi yake kallo. Kafin shi da ɗige-ɗige masu launi ake nuna wasali, shi ya ba su siffar da muka sani yau.

An haife shi a Oman, maƙwabciyarmu a nan yankin, wajen shekara ta 100 bayan Hijira, wato 718 Miladiyya. Ɗan ƙabilar Azdu ne. Ya tashi a Basra, ya yi karatu wurin Abu Amru ɗan Ala'i da Isa ɗan Umar Assaƙafi, har ya zama shi ake zuwa wurinsa. Ɗalibinsa Sibawaihi, mai littafin nahawun da ba a yi kamarsa ba, ya ambace shi a ɗaruruwan wurare. Shi ne kuma ya fitar da ilimin aruli, ya tsara karuruwan waƙa 15, Ahfash ya ƙara na 16 daga baya. Rubutattun waƙoƙin Hausa da yawa, tun daga zamanin Nana Asma'u, a kan waɗannan karuruwa aka gina su.

Da duk wannan ilimi, a bukka ya zauna. An ruwaito cewa wani gwamnan Ahwaz ya aiko masa ya zo ya koyar da ɗansa, sai ya nuna wa manzon busasshiyar gurasa, ya nuna masa cewa muddin yana da ita ba ya bukatar kowa.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina a rayuwarsa shi ne ƙamus ɗinsa, Kitabul Aini. A zamaninsa malaman luga sukan tafi ƙauye wurin Larabawan daji, su rubuta abin da suka ji: ɗan littafi kan sunayen doki, wani kan raƙumi, wani kan ruwan sama. Matsalar a fili take. Abin da mutum bai ji ba, ko ya ji ya manta, ya ɓace ke nan. Halilu ya nemi hanyar da ba ta dogara da ƙarfin haddar kowa ba, sai ya koma ga lissafi.

Ya lura cewa kalmar Larabci tana da asali na haruffa biyu, ko uku, ko huɗu, ko biyar. Haruffa biyu ana juya su hanya 2, uku hanya 6, huɗu hanya 24, biyar hanya 120. Ɗauki ra'un da kafun da ba'un. Za ka sami rakiba, ya hau. Ka juya ka sami kabura, ya girma, inda muka samo kabbara. Ka sake juyawa ka sami baraka, tushen albarka, da bakara, wanda ke cikin sunan Abubakar, da karaba mai nuna baƙin ciki, da rabaka mai nuna cuɗanya. Shida ke nan cif. A kowane rukuni sai ya ware wanda Larabawa ke amfani da shi daga wanda suka bari, ya kawo ma'anar na farko da hujja daga Alƙur'ani ko waƙa. Ta haka kowace kalma tana da gurbinta tun kafin a ji ta.

Jerin haruffan ma bai bi wanda aka saba ba. Ya ɗanɗana kowane harafi a bakinsa, ya jera su daga maƙogwaro zuwa leɓe, ya fara da ainun, daga nan littafin ya sami suna. Ya kuma kafa wata ƙa'ida da nake sha'awa ƙwarai: kalma mai asali huɗu ko biyar da babu ra'un ko lamun ko nunun ko fa'un ko ba'un ko mimun a cikinta, in ban da 'yan kaɗan, baƙuwa ce ko ƙirƙirarriya. Wannan irin ƙa'idar ce ake rubuta wa kwamfuta yau. Ba mamaki masana a jami'ar Wujda ta Maroko suka sa wa manhajarsu mai warware kalmomin Larabci sunansa.

Gaskiya ita ce tsarin nan na sauti ne, ba na ma'ana ba. Hawa da albarka ba su da dangantaka don kawai haruffansu ɗaya. Ibnu Jinni, wanda ya rasu a 392 bayan Hijira, ya yi ƙoƙarin nuna cewa juye-juyen asali ɗaya suna komawa ga ma'ana guda. A ganina ya dace a wasu, ya matsa wa wasu. Tambayar yadda ma'anoni ke zaune a ƙwaƙwalwa ta jira har 1969, lokacin da Allan Collins da Ross Quillian a Amurka suka auna tsawon lokacin da mutum ke ɗauka kafin ya tabbatar da jimla, suka nuna cewa kalma tana rataye ne a jikin wasu kalmomi. Wannan na gani da idona a aji. Yaron da ya haddace maktab ita kaɗai yakan manta ta kafin mako. Wanda aka nuna masa cewa 'yar'uwar kitab da katib ce, yakan gane ta a allon shago a Asian Town, a tsakiyar rubutun Hindi da Malayalam. Iyaye, in kun fita da su ranar Juma'a, ku sa su nemo haruffa ukun da ke cikin mat'am da masjid.

Littafin bai bayyana a Basra ba sai shekaru da yawa bayan rasuwarsa, daga Hurasan aka kawo shi, kuma malamai da dama na ganin ɗalibinsa Laisu ɗan Muzaffar ne ya kammala shi. An buga shi a Bagadaza cikin mujalladi 8 tsakanin 1980 da 1985. A nan Doha kuwa, ƙamus ɗin tarihin Larabci da aka fara a 2013 ya buɗe kashinsa na farko a intanet a 2018, ya tsaya a shekara ta 200 bayan Hijira, wato ya haɗa da zamanin Halilu.

Ya rasu a Basra a 170 ko 175 bayan Hijira. Masu tarihi sun ce ya shiga masallaci yana tunanin wata hanyar lissafi mai sauƙi, wadda yarinyar da aka aika kasuwa za ta riƙe don kada mai kanti ya cuce ta, sai ya yi karo da ginshiƙi bai sani ba, wannan ya zama ajalinsa. Allah Ya jiƙansa.